Mai hali a layin 'yan gwanjo: amsoshin wasiƙunku

Iskar hunturu ta fara kaɗawa, leɓe ya fara tsagewa, kuma kamar kowace shekara wasiƙun da ke zuwa mini sun koma maganar gwanjo. Bana akwai tambaya guda da ta yi ta dawowa, wato ko ya dace mai hali ya riƙa sayen gwanjo, kowa da ɓangaren da ya ɓullo mata, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Na taƙaita wasiƙun, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

"Anti, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar banki ce, maigidana ɗan kasuwa ne, alhamdu lillahi ba mu nemi komai mun rasa ba. Amma tun ina ƙarama mahaifiyata take zuwa da ni Ƙofar Wambai, kuma har gobe can nake sayo wa yarana kayan sanyi, da labule da jakunkuna. Makon jiya na yi kiciɓis da ƙanwar mijina a bakin kasuwa, ta ga direba yana saka ledoji a mota, sai ta ce mini a gaban mutane wai ba na tsoron Allah, ina cin rabon talakawa. Maganar ta tsaya mini a rai. Da gaske haƙƙin wani nake ci?" Wata Hajiya daga Kano.

Hajiya, kwantar da hankalinki, ba ki ci haƙƙin kowa ba. Amma tunda maganar ta hana ki sakat, bari mu bi rigar tun daga inda ta fito, ki ga ko akwai inda aka rubuta sunan talaka a jikinta.

Wata mata a Ingila ko Jamus ko Kanada ta gaji da rigar ɗanta, ta kai ta shagon ƙungiyar agaji, ko ta jefa a akwatin da ake ajiyewa bakin titi domin haka. Iyakar inda rigar take kyauta ke nan. Abin da shagon bai iya sayarwa ba, kuma shi ne mafi yawa, sai a sayar da shi a kan sikeli ga kamfanonin da aikinsu ke nan su ware kaya: na yara daban, wanduna daban, masu kyau daban, masu tabo daban. A matse su da inji a ɗaure dila, galibi mai kilo 45 ko 55, a loda a kwantena. Da yake dokar Najeriya ta sa gwanjo cikin kayan da aka hana shigowa da su, yawanci jirgin a Kwatano ko Lome yake saukewa, daga can kayan su biyo ta kan iyaka, kowace ƙafa da kuɗin da ake ajiyewa. Kafin dilar nan ta iso Ƙofar Wambai ta ratsa hannun 'yan kasuwa da dama, kowa ya sa kuɗinsa ya ɗauki ribarsa. Haja ce kamar shinkafa da sukari. Wanda ya biya ya ɗauka.

Yanzu ki dubi mai rumfar da kike saya a wurinsa. Shi cinikin biri a sama yake yi, domin ba a buɗe masa dila ya duba kafin ya biya. Sai ya kawo ta rumfa ya yanke ƙarfen, sannan ya san abin da Allah ya ba shi. Ga lissafi na misali kawai, kada gobe ki je ki ce Anti ta faɗi farashi. Mu ɗauka ya sayi dilar kayan yara naira 300,000, ya fasa ya ƙirga guda 300. A ciki 60 ne tas-tas kamar ba a taɓa sawa ba, 140 tsaka-tsaki, sauran 100 kuwa wannan ya koɗe, wancan zif ya mutu, wani da tabon da ba ya fita. In ya sayar da 60 ɗin nan a kan 3,500 kowanne, ya haɗa 210,000. Na tsakiya ya sake su 900, ya samu 126,000. Na ƙasa ya zube su a tabarma yana kiran ɗari uku-uku, 30,000 ke nan. Jimilla 366,000, a nan zai fitar da kuɗin rumfa da na ɗan dako da na cefanen gidansa.

To cire ki daga kasuwar, ke da ire-irenki masu iya biyan 3,500. Dole ya karya farashin masu kyan, a ce 1,500. Ya yi asarar 120,000, kuma ba shi da inda zai mai da ita sai a kan sauran 240 ɗin, naira 500 kowanne. Rigar 900 ta koma 1,400, ta 300 ta koma 800. Matar da take tsugune bakin tabarma da naira dubu ɗaure a bakin zani, wadda ƙanwar mijinki take tausaya wa, da riga uku za ta tafi gida, yanzu sai ɗaya. Duk ɗan gwanjon da kika tambaya zai gaya miki zaɓen farko ne yake fitar da kuɗin dila. Kuɗinki na cikin abin da ya sa na tabarma yake arha.

Inda za ki iya shiga haƙƙi yana wurin ciniki. Na sha gani da idona: mace ta sauko daga mota mai sanyi, gwal a wuya, yaro ya ce mata riga dubu uku, ta taya ɗari bakwai. Ya ce albarka, ta tsaya tana jansa minti ashirin, ta yi kamar za ta tafi, ta dawo, har sai da ya sallama don tun safe bai yi ciniki ba. Matar nan da za ta shiga babban kanti a Zoo Road aka ce mata dubu talatin, kati za ta miƙa ba tare da ta ce uffan ba. Tayi al'adar kasuwa ce, ki taya, don in ba ki taya ba ma sai a ɗauke ki baƙuwa. Amma akwai tayin neman gaskiyar farashi, akwai kuma na murƙushe wanda ya fi ki buƙata. Hadisi ya zo a Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi addu'ar rahama ga mutum mai sauƙi idan ya sayar, mai sauƙi idan ya saya, mai sauƙi idan ya je karɓar bashi. Mu mun fi riƙe na farkon, saboda da mai kaya yake magana.

Na san wasu hajiyoyi suna ajiye mota nesa, su zura tsohon hijabi da silifas kafin su shiga, don kada a ga alama a tsuga musu kuɗi. Ban ga laifi a nan ba, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma 'yan kasuwa ma ba waliyyai ba ne. Sai dai kar ya kai ga rantsuwa. "Wallahi iyakar abin da ke hannuna ke nan," alhali jaka cike take, wannan ƙarya ce ko da a kan naira ɗari biyu aka yi ta.

Sai kuma tarkon arha. Kin je sayen suwaita uku, kin dawo da goma sha biyu saboda "ai kyauta ce", tara sun shige akwati har yaran sun girme su. Israfi ba ya duba farashi.

Ita kuwa ƙanwar miji, ina kyautata mata zato, amma na daɗe a duniya. Sau da yawa in dangin miji suka ce "rabon talakawa", abin da ke ransu shi ne kada a ce matar yayansu tana sayen gwanjo. Ki gaishe ta da fara'a, in sanyi ya yi ƙarfi ki aika wa 'ya'yanta suwaita biyu masu kyau. Ba sai kin faɗi inda kika saya ba.

"Ni malamin firamare ne a Kaduna, 'ya'yana biyar. Albashina kaɗan ya ɗara mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Shekarun baya in na shiga Kasuwar Barci da kuɗi kaɗan sai in yi wa yara duka kayan sanyi. Yanzu kafin in je an tsince na kirki. Masu motoci suna bugo wa 'yan kasuwa waya a ware musu tun ba a baje ba, farashi kuma ya ninka ya sake ninkawa. Don Allah ki faɗi gaskiya, ba su ne suka ɓata mana kasuwa ba? Su da suke da kantuna, me suke nema a tamu?"

Malam, Allah ya buɗa, ya raya zuri'a. Na sa wasiƙarka nan da gangan, kusa da ta Hajiya, domin kada ta tafi da tunanin cewa maganar ta ƙare a lissafina.

Kan farashi dai, mafi yawan laifin ba na masu motoci ba ne. Dila da dala ake sayo ta, a Kwatano kuma da sefa. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da hukuma take bayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kafin nan da 'yan makonni, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi. Ka tuna kuma an rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Kowanne cikin waɗannan ya hau kan rigar da kake tayawa. Ko da babu mai mota ko ɗaya da ya taka Kasuwar Barci, farashin nan sai ya ninka.

Kuma ka ƙara duban masu motocin da kyau. Da yawansu ma'aikatan gwamnati ne da malaman jami'a da ma'aikatan asibiti, waɗanda shekara biyar da suka wuce kanti suke shiga, yau albashi ya gaza kai su. Motar tsohuwa ce, rabin lita-lita ake zuba mata. Guguwar da ta taɓa ka ita ta koro su layinka.

Akwai ma masu zaɓen da suka riga kowa, waɗanda ba za ka taɓa gani ba. A Turai da Amurka yanzu mai riga mai tsada ba ya saurin bayar da ita, sai ya ɗauki hotonta ya sayar a manhajoji irin su Vinted da Depop. Abin da ake jefawa a akwatin agaji ya koma yawanci tufafin arha irin na kamfanin Shein, waɗanda wanki biyar ke kashewa. Shi ya sa tsofaffin 'yan gwanjo suke kukan dilar yanzu ba ta kai ta da ba. Masu kyau sun ragu tun daga tushe.

Amma kana da gaskiya a wuri guda, kuma ba ƙaramin wuri ba ne. Lissafin da na yi wa Hajiya yana tafiya daidai a kan kayan da suke da yawa, kamar rigunan shan iska da wanduna da labule. Akwai kayan da ba sa isa, a lokacin da kowa yake nemansu: rigunan sanyin yara da barguna daga Disamba zuwa Janairu, da baƙaƙen takalman makaranta a watan Satumba. A nan in mai hali ya kwashe guda ashirin, akwai yaran da za su je makaranta suna karkarwa, kuma shi da ya ga dama da ya sayi sabo bai ji a jikinsa ba. Wannan bugun wayar a ware kaya tun ba a baje ba, ni ma ba ya kwanta mini. Yana tuna mini hanin da ya zo a hadisi game da tare ayari a hanya a saye kayansu kafin su shigo kasuwa. Ban ce hukuncinsu ɗaya ba, wannan fagen malamai ne. Abin da na fahimta dai shi ne ana son kaya su sauka a fili, kowa ya gani, mai rabo ya ɗauka. Mai hali da zai ji shawarata, a watannin nan biyu ya ɗauki iya na 'ya'yansa, ya zo da ƙafarsa kamar kowa, ya bar layin waya.

Kai kuma ga abin da zai rage maka zafi. Kayan sanyi a watan Maris da Afrilu ake sayensu, lokacin da zafi ya shigo, ɗan kasuwa yana neman ya rabu da su ya juya kuɗinsa. Ka ɗauki wanda ya ɗan fi yaron girma, ka wanke ka adana. Na san ba kullum kuɗi ke samuwa a lokacin ba, amma ko biyu ka saya ka rage nauyin Disamba. Ka riƙe mutum ɗaya ya zama naka, ka san ranar da yake fasa dila, ka kuma san jajibirinta, don a ranar ne yake sakin ragowar tsohuwa da arha. In za ka duba riga, ka juya cikinta, ka duba hammata da wuya da bakin hannu, ka ɗaga ta saitin rana, ƙananan huji ba sa ɓuya. Zif da maɓalli kada su hana ka ɗauka, tela zai gyara da kuɗi kaɗan, kuma irin waɗannan ne masu zaɓen farko suke tsallakewa alhali yadinsu garau yake. Wasu malaman makaranta suna haɗa kuɗi su biyar ko shida su sayi dila sukutum su raba. Yana yin riba, yana kuma iya zama kuka, don haka kada ku yi sai da wanda ya san hannun kayan.

"Anti, ni likita ce a Birmingham. Ina son shiga shagunan ƙungiyoyin agaji, nakan samu kwat da littattafai da kayan kicin masu kyau. Wata abokiyar aikina Baturiya ta ce mai albashi irin nawa bai dace ya saya a can ba, wai na marasa ƙarfi ne. Na rasa amsar ba ta."

Likita, sannu da sanyin Ingila. Wannan muhawara ta daɗe ana yinta a can da Amurka, musamman tun da sayen tsofaffin kaya ya zama abin yayi wurin matasa. Amsarki tana rubuce a saman ƙofar shagon. Shagon British Heart Foundation an buɗe shi ne don a tara kuɗin binciken ciwon zuciya. Oxfam, wadda ta buɗe shagonta na farko a birnin Oxford a ƙarshen shekarun 1940, da kuɗin cinikin take ayyukan agaji a ƙasashe. Islamic Relief, da aka kafa a garin da kike zaune a 1984, ita ma tana da irin waɗannan shaguna. A Amurka, Goodwill da wani limamin coci ya fara a Boston a 1902, manufarta samar wa mutane aiki da koya musu sana'a. Duk waɗannan mai saye suke nema, kuma fam ɗinki da na mai share asibitinku ɗaya ne a akwatinsu. In masu albashi suka ƙaurace, asusun ne zai rame.

Sannan kaya ba su yi musu kaɗan ba, yawa ma suka yi. Abin da ya kwana a kan rataye bai samu mai saye ba, shi ne yake zama dilar da muke magana. Kasuwar Kantamanto da ke Accra, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon Janairun 2025, wata ƙungiya mai suna Or Foundation ta ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 ne suke shigarta duk mako, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari suna ƙarewa a bola. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta Ghana ta musanta, ta ce sharar ba ta kai ko kusa da haka ba. Ko wanne ne ya fi gaskiya, tsummokaran da teku ke amayowa a gaɓar Accra kowa yana ganinsu. Kwat ɗin da kika saya kika sa shekara biyar ya fi amfani a jikinki.

Abu biyu zan ce ki kiyaye. Wurin da ake raba kaya kyauta ga 'yan gudun hijira da marasa gida, ko shagon da aka rubuta cewa na masu ƙaramin ƙarfi ne, nan ba naki ba ne, ko leƙe kada ki yi sai in kai kaya za ki. Na biyu, kada halin Kasuwar Kurmi ya motsa ki ce za ki taya, masu tsaron shagon yawancinsu aikin sa-kai suke yi. In kuma za ki kai naki kayan, ki tuna ayar Baƙara da ta hana mutum ya zaɓo lalatacce ya bayar, wanda shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Rigar da ta yage ki sa ta inda ake tara tsumma, kada ki bari ta biyo jirgi ta zo ta zama asarar wani yaro a Ƙofar Wambai.

"Ni ɗaliba ce. Nakan je da sassafe in zaɓo riguna da jakunkuna, in wanke, in goge, in ɗauki hoto in sa a WhatsApp da Instagram. Abin da na saya dubu biyu ina iya sayar da shi dubu bakwai. Yayana ya ce wannan zalunci ne."

Ƙanwata, kin tashi da asuba, kin sha ƙura, kin yi amfani da idon da ba kowa ke da shi ba, kin sayi sabulu da gawayin guga da data, kuma wanda bai shiga ba a kanki zai kwana. Ribarki halal ce. Masu saye a wurinki suna biyan kuɗin wahalar da kika ɗauke musu.

Zaluncin yana shigowa ne ta baki. Kada ki ce sabo ne. Kada ki ce "sau ɗaya aka sa" tunda ba ki san mai shi ba. In akwai tabo ko ɗinki, ki ɗauki hoton wurin ki nuna. Kin san hadisin mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya baje busasshe a sama, aka ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Hasken kyamara da ke ɓoye koɗewar riga ɗan'uwan wannan ne. Kuma ki koma sama ki karanta wasiƙar malamin Kaduna, don ke ma kina cikin waɗanda yake kuka da su. Jakunkuna da dogayen riguna ki kwasa son ranki. Suwaitar yara a tsakiyar hunturu, ki ɗaga ƙafa.

"Ni tela ne a Zariya. Kullum ana maganar talaka mai saye, ba a maganarmu. Mai kuɗi in ya sayi gwanjo, mu wa zai kawo wa ɗinki? Ba gwanjon nan ne ya kashe masaƙunmu ba?"

Maigida, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Akwai ƙasashen da suka ɗauki maganarka da gaske. Ruwanda ta ƙara harajin gwanjo a 2016, daga santi 20 zuwa dala biyu da rabi a kowane kilo, don ta raya masana'antunta. Amurka ta mai da martani a 2018, ta janye wa tufafin Ruwanda damar shiga kasuwarta ba haraji. Ka ga tsumma ma yana da masu tsaya masa.

A namu gidan kuwa labarin ya fi haka tsawo. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ta rufe a 2002, masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL), ita ma a Kaduna, ta bi baya a 2007. Gwanjo ya taka tasa rawar, amma atamfa da yadi suke yi, kuma abin da ya fi karya su shi ne rashin wuta, tsadar baƙin mai, da atamfar Sin ta fasa-ƙwauri. Dokar hana gwanjo tana nan duk tsawon lokacin, ba ta cece su ba. Mai kuɗin namu kuma in ya bar gwanjo ya sayi sabo, ina kuɗin yake zuwa? Shaddar Getzner daga Ostiriya take, atamfar Holan daga Holan, jins da takalman kanti daga Sin ko Turkiyya.

Kai kuma abin da ake kawo maka, kaftani da babbar riga da ɗinkin mata, ba a samunsa a dila. Ban taɓa ganin wanda ya je sallar Idi ko ɗaurin aure da gwanjo alhali yana da kuɗi ba. Duk da haka ina bayanka a kan cewa mai hali yana da nauyin da talaka ba shi da shi wajen raya sana'ar gida. Wanda ya rage dubu hamsin a kayan yara ta hanyar gwanjo, ya kai ta marinar Ƙofar Mata, ko wurin masu saƙi, ko masu ɗinkin hula, ko ya biya telansa kuɗin ɗinkin sallar bara da har yanzu yake cewa "zan turo".

"Kakata ta ce kayan matattu ne, kuma ba a salla da su. Haka ne?"

Jikar Hajiya, ba kakarki kaɗai ke faɗa ba. A Ghana sunan gwanjo ma obroni wawu, wato Bature ya mutu, kuma shugaban Yuganda Museveni ya faɗi irin haka a 2023 da yake neman hana shigo da su. A ciki ba a rasa na mamata, kamar yadda mu ma muke rabon kayan mamaci a sa. Amma mafi yawa na rayayyu ne da kabad ya cika musu.

Maganar salla kuwa, malamanmu na Malikiyya sun ce ba a salla da tufar da wanda ba Musulmi ba ya sa sai an wanke ta, saboda ba a san yadda ya kiyaye najasa ba. Wanki ya warware matsalar, kuma ko ba don salla ba dole ne a wanke. Warin nan da kowa ya san gwanjo da shi na maganin da ake fesa wa kaya ne kafin a ɗaure, yana iya sa fatar yara ƙaiƙayi. Ki jiƙa su da ruwan zafi da omo su kwana, in yadin ulu ne ki sa ruwa mai ɗumi kawai don kada ya tsuke. Ki ɗauraye sau biyu, na ƙarshen ki matsa lemon tsami a ruwan. Ki shanya a rana sosai, ki juya cikin ki sake shanyawa, sannan a goge da dutsen guga mai zafi, musamman wajen ɗinki inda ƙwari ke ɓuya. Kamfai da rigar mama da safa, ko nawa aka ce miki, ki sayi sabbi. Takalmi ki goge cikinsa, ki cire shimfiɗar, ki bar shi a rana kwana biyu. Bargo da labule su ne masu taurin kai, wani sai an yi masa wanki biyu, in ya bushe ki turara shi da turaren wuta kafin ki kai wa Hajiya ta shinshina.